Yadda Ake Halartar Bikin Kiɗan Metal a Otal Mai Gidan Caca, Ka Dawo da Kunnenka da Aljihunka

Ƙarfe biyu na rana lif ya sauke ka ƙasa, ƙofa ta buɗe, sai ga jerin na'urorin caca suna walƙiya suna ƙyal-ƙyal. Wata tsohuwa na zaune gaban ɗaya, taba a hannu, ko ƙifta ido ba ta yi. Ta bayanta wasu ƙarti uku suka wuce, gashi har gadon baya, baƙaƙen riguna, sai gajeren wandon ninkaya da silifas. Can ƙarshen zauren kana jin ƙasa na ɗan rawa, ana gwada ganga. Haka bikin metal yake idan aka kai shi otal mai gidan caca: gadonka, abincinka, wurin wanka da dandalin kiɗa duk a gini ɗaya. Daɗinsa ke nan, kuma nan tarkon yake, domin duk inda za ka sai ka ratsa ta inda aka shirya raba ka da kuɗinka.

Misalin da zan riƙe shi ne Psycho Las Vegas, a jihar Nevada ta Amurka. An fara shi a Las Vegas a 2016 a otal ɗin Hard Rock, ya yi shekara uku a can, ya koma Mandalay Bay a 2019 da 2021 (annobar korona ta cinye na 2020), sannan Resorts World a 2022. Na 2023 ba a yi shi ba. A watan Agusta aka riƙa yinsa, Juma'a zuwa Lahadi, da wani sharar fage a bakin wurin ninkaya ranar Alhamis. Abin da zan faɗa ya shafi duk wani biki mai irin wannan tsari, ko sunansa ya canza.

Ga wanda bai san kiɗan ba: hebi metal kiɗa ne na jita mai lantarki da ganguna, mai nauyi da ƙara, wanda akasari ake danganta tushensa da ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Birmingham a Ingila, wajen 1970. Yau ya yi rassa. Akwai mai gudu kamar ana korar ɓarawo, akwai mai jan jiki kamar tsohuwar tirela a hawa, akwai wanda mawaƙin ke gurnani ba ka tsintar kalma ko ɗaya.

Fara da jerin makaɗa, kafin ka taɓa kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an fitar da jerin ƙungiyoyi, ka zauna da shi mako guda kana sauraron kowace a YouTube ko Spotify, waƙa biyu-biyu. Za ka ga sunaye da yawa da ba ka taɓa ji ba, kuma sau da yawa a cikinsu ake samun abin tunawa. Irin wannan biki ba ya tsayawa kan metal zalla. A 2018 har Tinariwen, Abzinawan arewacin Mali, suna cikin jerin, da rawunansu da jitarsu, tsakanin masu gurnani.

Akwai dalili na biyu. Wasu ƙungiyoyin, musamman na reshen da ya yi ƙarfi a Norway, suna amfani da hotunan shaiɗan da kalaman izgili ga addini. Ga wasunsu wasan kwaikwayo ne, wasu kuma da gaske suke. Ka san su tun a gida, ka tsallake lokacinsu, maimakon ka tsinci kanka tsakiyar dubban mutane kana neman ƙofa. Maganar halaccin kiɗa kanta malamai sun yi ta, kowa ya san inda ya tsaya, ba ita ta kawo ni ba. Caca da giya kuwa babu jayayya a kansu ga Musulmi, kuma su ne sana'ar mai gidan.

Tikitin kwana uku daban, na sharar fagen Alhamis daban. Ka saya a shafin bikin kansa. Ka duba shekarun da aka gindaya, domin a Nevada sai mai shekara 21 ke caca ko sayen giya, kuma masu gadi kan nemi katin shaida ko da furfura a gemunka. Fasfo ko lasin tuƙi na Amurka, ɗaya ya kasance a jikinka kullum.

Idan daga gida za ka taso, ba daga wata jihar Amurka ba, biza ce gaba da komai. Kuɗin neman bizar ziyara dala 185 ne kuma ba a mayarwa, sannan dokokinta sun sha canzawa a 2025. A Yulin shekarar aka mayar da ta 'yan Najeriya shiga ɗaya ta wata uku. Kada ka biya tikiti ko ɗaki da ba a maido da kuɗinsa sai biza ta shiga fasfo. Kuma ka bar kilishi da dambun nama a gida, kwastan ɗin Amurka ba sa barin nama ya shiga, ɓoyewa kuma tara ce.

Ɗaki: a ciki ko a waje?

Ra'ayina, ka kwana a otal ɗin da ake bikin, ko da ya fi tsada. Titin Strip, inda manyan otal-otal na Las Vegas suke jere, ya haura kilomita shida, kuma gine-ginensa na yaudarar ido: ka hango otal kamar ga shi nan, ka yi rabin awa kana tafiya cikin rana ba ka isa ba. Wanda ɗakinsa ke sama yana iya hawa ya yi wanka, ya yi sallah, ya miƙe na awa ɗaya ya sauko sabo. Wanda ya kama ɗaki mai araha a nesa, a kafet ɗin baranda zai yi hutunsa. Masu bikin kan ba da rangwamen ɗakuna ga masu tikiti, kuma yakan ƙare da wuri. Ku haɗu ku biyu ko uku ku raba.

Sai dai farashin da ka fara gani ba shi ne ƙarshe ba. Manyan otal-otal na Strip suna da wani kuɗi na dole a kowane dare da suke kira rizot-fi, wai na intanet da wurin motsa jiki da makamantansu, ko ka yi amfani da su ko ba ka yi ba. A manyansu yakan kai dala 45 zuwa 55. A kan wannan akwai harajin ɗaki da ya ɗara kashi 13 cikin ɗari. Tun Mayun 2025 doka ta tilasta a nuna kuɗaɗen dole cikin jimillar farashi tun farko, amma haraji na iya zuwa daga baya, don haka ka bi har shafin ƙarshe ka ga lissafin. Ranar karɓar makulli kuma za su riƙe wani kuɗi a katinka a matsayin jingina. Idan katin cire kuɗi ne, kuɗinka na gaske ne suka daskare, kuma sakinsu kan ɗauki kwanaki bayan ka tafi. Ka tambaya nawa ne kafin ka miƙa kati.

Ɗan firijin da ke ɗakin, mai cike da lemo da gyaɗa, kada ka taɓa shi. Da yawansu na da na'urar da ke sanin an ɗaga kwalba. A wata tafiya, a wani otal da ba zan kama sunansa ba, na fitar da gwangwani biyu don in sanya ruwana ya yi sanyi, na mayar da su da safe ba tare da na buɗe ba. Sai da na yi doguwar magana a teburin karɓar baƙi kafin a cire su daga lissafi.

Kunne

A nan zan daɗe, don shi ne abin da ba ya gyaruwa. Ma'aunin da NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ke bayarwa shi ne: ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kada a wuce awa 8 a rana ana jin ta. Duk ƙarin desibel 3 sai lokacin ya rabu biyu. 88 awa 4, 91 awa 2, a haka har 100 ya zama minti 15 kacal. Wasan metal a rufaffen zaure kan kai 100 ya wuce, kai kuma za ka tsaya awa takwas ko goma a rana, kwana uku a jere. Cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi da ke karɓar sauti. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya tsirowa. Wannan "wiiii" da kake ji idan ka kwanta bayan wasa, kukansu ne.

Daren farko da na taɓa zuwa irin wannan wasa, girman kai ya hana ni toshe kunne, ina ganin ai wanda ya saba da lasifikar biki ba abin da zai ba shi tsoro. Na tsaya dab da tarin lasifikan gefen hagu. Kwana biyu ina jin muryar mutane kamar daga cikin rijiya.

Matoshin kunne iri biyu ne. Akwai na soso, mai araha, ana samunsa a kowane kantin magani irin su CVS da Walgreens. Yana rage ƙara sosai amma yana dusashe kiɗan. Akwai na roba mai matata a ciki, wanda makaɗa ke sawa, yana rage ƙarfin ya bar zaƙin. Ka sayi na biyun, ka zuba na soso guda shida a aljihu saboda ɓata, da kuma bai wa wanda ka ga yana toshe kunne da yatsa.

Sa na soso na da ƙa'ida, kuma yawancin mutane ba sa bi. Ka murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri kamar tsinken ashana mai kauri, ba tare da ya lanƙwashe ba. Ka zagaya da ɗaya hannun ta bayan ƙeya, ka kama saman kunnen ka ja shi sama da baya don ramin ya miƙe. Ka zura, ka danne da yatsa kamar daƙiƙa 30 har ka ji ya kumbura, hayaniya ta ja baya. Idan mai kallonka ta gaba yana hango rabinsa a waje, bai shiga ba, sake. Kuma ka sa tun kafin a fara, ba sai kunnen ya fara zafi ba. Wurin tsayuwa mafi daɗin sauti shi ne kusa da teburin mai daidaita sauti, a tsakiyar zaure, don daga nan yake auna komai.

Rana, ruwa da ƙafa

Las Vegas na cikin hamadar Mojave. A Agusta zafi kan kai digiri 40 da rana, kuma a Yulin 2024 garin ya taɓa 49. Kada ka ce ai kai ɗan Sakkwato ne ko Agadas. A can gida ba wanda ke tsayawa kan siminti ƙarfe uku na rana da baƙar riga yana tsalle. Iskar busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa. Ka duba fitsarinka: idan ya yi duhu, an bar ka a baya. Ruwan kwalba cikin otal tsada gare shi ba kaɗan ba, don haka ranar isowa ka je kanti ka ɗauko katan guda ka ajiye a ɗaki, da dabino, gyaɗa, ayaba da burodi. Ruwan famfo ma ana sha, ɗanɗanonsa ne ba daɗi.

Ciki kuwa esi ne kamar hunturu. Za ka riƙa fita daga sanyin zuwa zafin sau goma a rana, sai ka riƙe wata riga mara nauyi. Agusta kuma lokacin hadarin bazata ne a can. Idan aka ga walƙiya akan dakatar da wasan bakin ruwa, kada ka yi gardama da mai gadi.

Takalmi rufaffe, wanda ka saba da shi, da safa biyu a rana. Silifas na bakin ruwa ne kawai. A Mandalay Bay dandalin waje na fuskantar wurin ninkaya mai yashi na gaske, mutane na kallon wasa ruwa har ƙugu. Waya a aljihu a nan asara ce, sai a jakar roba mai zif.

Ranar farko

Filin jirgin Harry Reid na dab da kudancin Strip, tafiyar 'yan mintuna. Ka iso kwana guda kafin a fara, musamman idan daga gida kake, domin akwai tazarar awa 8 tsakanin agogon Najeriya da na can a wannan wata. Ka karɓi munduwar shiga da wuri kafin layi ya yi tsawo. Kada ka ja ta ta matse, irin maɓallinta ba ya komawa baya. Ka bar wurin yatsa biyu, da ita za ka yi wanka ka yi alwala har Lahadi.

Daga nan ka yi abin da mutane ƙalilan ke yi: ka taka daga ɗakinka zuwa kowane dandali, kana duba agogo. A Mandalay Bay an yi amfani da babban filin wasa, da zauren kiɗa na House of Blues, da bakin ruwa, da wani ƙaramin dandali a tsakiyar gidan cacar, kuma tsakaninsu tafiya ce. Zauren caca ba agogo a bango, ba taga, hanyoyinsa a murɗe, da gangan. Ka kama alama: wurin cin abinci kaza, sai hagu. Ka ɗauki hoton jadawalin ka mai da shi fuskar wayarka.

Bincike a ƙofa da tsanani. Tun harin 1 ga Oktoban 2017, lokacin da wani ya buɗe wuta daga hawa na 32 na Mandalay Bay kan taron wani bikin kiɗa, ya kashe mutum 58 a daren, otal-otal da dama kan leƙa ɗaki ko da ka rataya alamar kada a dame ka. Ƙaramar wuƙa, sarƙa mai ƙusoshi, babbar jaka, duk ka bar su sama.

Dole wasanni biyu da kake so su ci karo. Ka zaɓi uku a rana da ba ka yarda ka rasa ba, sauran sa'a. Ƙananan zaure kan cika a rufe ƙofa, don haka wanda kake so a can, ka je tun ana wasan da ke gabansa. Rigunan tunawa kuma ranar farko ake saye, zuwa Asabar girman da kake nema ya ƙare.

Da'irar turereniya

Gaban dandali za ka ga fili ya buɗe, mutane na gudu suna bangazar juna da kafaɗa. Shi ake kira mosh. Ba faɗa ba ne, ya fi kusa da wasan sukuwar samari, kuma yana da doka ɗaya da kowa ke bi: wanda ya faɗi, a tsaya a ɗaga shi. Wanda ya tsinci takalmi ko waya ya ɗaga sama. Ba a naushi, ba a kai hannu fuska, ba a jawo wanda bai shigo da kansa ba. Idan ka ga mawaƙi na raba taro gida biyu da hannu, to shirin karo ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, ka ja gefe. Idan a bakin da'irar kake, ka ɗaga hannu ɗaya a ƙirji kana mayar da mai zuwa cikin sauƙi. Ka riƙa waiwaye, don ana miƙo mutane ta saman kawuna daga baya, dugadugin takalmi a ƙeya ba daɗi. Tabarau a aljihu.

'Yar'uwa, idan kin je, gefen teburin sauti ko bene ya fi kwanciyar hankali, kuma duk wanda ya wuce gona da iri ki nuna shi ga mai gadi nan take, fitar da shi za a yi. Abin shanki kada ya bar hannunki. Wanda kuma ya ga wani ya yanke jiki ya faɗi, ya kira masu gadi. Lambar gaggawa 911. Asibitin Amurka na cin kuɗi fiye da tafiyar gaba ɗaya, baƙo ya sayi inshorar tafiya.

Ratsa zauren caca

Sau ashirin a rana za ka bi ta cikinsa, a gajiye, da dare, lokacin da hankali ya fi rauni. Ka san lissafin, zai taimake ka. Faifan rulet, cacar da ake juya faifai ƙwallo ya faɗa kan lamba, irin na Amurka na da gurbi 38, amma wanda ya ci lamba ɗaya ninki 35 ake biyansa. Wannan ɗan giɓin shi ne dala 5 da 'yan kai cikin kowace 100 da aka zuba, kullum, har abada, kuma da shi aka gina benen da kake kwana. Za ka ga mata na zagayawa da tire suna raba abin sha kyauta ga masu wasa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na'urar cire kuɗi ta cikin zauren ma cajinta ya fi na banki nesa ba kusa ba. Dabarar da ta yi mini aiki: in ƙirga kuɗin yini in sa a aljihu, katin in kulle a akwatin ƙarfen ɗaki. Ana shan taba a zauren caca, doka ta yarda, mai asma ya riƙe maganinsa.

Wani gargaɗi ga mai biza: wiwi halal ce a dokar Nevada tun 2017, za ka ji warinta a titi, amma a dokar tarayya haramun ce, kuma tarayya ce ke riƙe da bizarka. Ko wani ya miƙo, ka ce a'a.

Sallah da abinci

Ɗakinka ne masallacinka. Alƙibla daga Las Vegas arewa maso gabas take, ta fi karkata arewa, ba gabas ɗin da muka saba ba. Ka duba da manhaja a bakin taga, don ƙarfen ginin kan rikita kamfas. Magariba kan faɗi bayan bakwai kaɗan, daidai lokacin da manyan ƙungiyoyi ke shirin hawa, don haka ka tsara hawanka sama tun da rana, ka lissafa jiran lif. Buta ba za ka samu ba, kwalbar ruwa ta wadatar. Mai son Juma'a, akwai Masjid As-Sabur da masallacin Islamic Society of Nevada, duka sai da mota.

Naman alade na ɓuya inda ba ka zato: cikin wake, kan salak, cikin miyar taliya. Ka tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi. Kifi da ƙwai sun fi sauƙin sha'ani, akwai kuma gidajen abincin halal a wajen otal da ke kawowa har ƙofa. Ka ci babban abinci sau ɗaya da hantsi kafin a fara. Tukuici a can ba ganin dama ba ne, da shi ma'aikata ke rayuwa: kashi 15 zuwa 20 a gidan abinci, 'yan daloli ga mai gyaran ɗaki.

Lahadi da Litinin

Asabar da dare ake karya mutane. Wasa kan kai bayan tsakar dare, zauren caca kuma ba ya rufewa, ba abin da zai gaya maka dare ya yi sai ƙafarka. Ka yanke wa kanka lokacin hawa sama, ka jiƙa ƙafa a ruwan sanyi, ka yi barcin awa shida ko da za ka rasa ƙungiyar farko ta gobe, don manyan baƙi sau da yawa daren Lahadi ake ajiye su.

Kada ka sayi jirgin asubar Litinin. Ka haɗa kaya tun Lahadi da rana, rigunan gumi a leda daban. Yawanci ƙarfe 11 na safe ake barin ɗaki. Kafin ka sauka ka buɗe lissafinka a talabijin ɗin ɗaki ko a waya, ka bi shi layi-layi. Abin da ba ka gane ba ka je tebur a warware shi kana tsaye, ka karɓi rasit. Idan jirginka na yamma ne, masu ɗaukar kaya za su ajiye maka jaka su ba ka 'yar takarda. Ka buɗe akwatin ƙarfen nan ka ɗauki fasfo da kati, ka leƙa bayan gado saboda caja. Ƙarar kunnen da ta wuce kwana biyu ba ta lafa ba, ko jin da ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan na likita ne a ranar, ba sai ka koma gida ba.